Kwamfutar Ruwaida da Hotunan Kamu

Duk macen da ta taɓa zuwa biki a Kebbe ta san Ruwaida mai hoto. Akwai samari a gari masu manyan kyamarori, har da irin wadda ke tashi sama kamar shirwa, amma su iyakarsu zaure. Ita kuwa Ruwaida har ƙuryar ɗaki take shiga, inda ake ƙunshi, ake kamu, inda tsofaffi ke jefar da mayafi su ci ɗamara su taka rawar da rabonsu da ita tun suna 'yan mata. Ta ɗauka, ta koma gida ta gyara a 'yar kwamfutarta, ta wanke da firinta, ta kai wa masu shi hannu da hannu. Ba a taɓa jin hoton da ya fita ta wurinta ya shiga wayar wanda ba mai shi ba. Da wannan take cin abinci.

To, ana cikin damina aka yi bikin Jannatu, autar Inna Tambaya. Ita Inna Tambaya, Allah ya yi ta da kafiya. Tun da hoton wata maƙwabciyarta ya yi yawo a wayoyin gari, tana rawa ba ɗankwali, har maganar ta kai ga surukai, ta rantse ba mai ɗaga kyamara a gidanta. Sai da Jannatu ta yi kuka, ta ƙi cin tuwo, sannan tsohuwar ta aika aka kira Ruwaida. Ta zaunar da ita a bakin gado, ta riƙe mata wuyan hannu.

"Ɗiyata, an ce mini ke ba ki da surutu. To, ki ɗauka. Amma in idon namiji yas sauka kan hotunan ga, ko na mijinki na, ni da ke sai gaban Allah."

"Na ɗauka, Inna," in ji Ruwaida.

"Kuma ranar buɗar kai nika son su a hannuna, tun dangin nesa ba su watse ba."

Aka yi kamu, aka yi shagali. Inna Tambaya da kanta ta manta da rantsuwarta ta shiga fili, ɗankwali ya faɗi ba ta ko waiwaye shi ba. Ruwaida ta zuba hotunan duka a kwamfuta, ta share katin kyamara saboda akwai wani suna da ke jiranta. Bayan an yi sunan, sai ga mai jegon ta kawo memorin wayarta a saka mata hotunanta. Daga soka memorin nan, shi ke nan. Foldoji suka sauya kama. Ta danna wannan, ba komai. Ta danna wancan, sai wani baƙin abu ya ƙifta ya ɓace. Kwamfutar ta hau gurnani kamar injin niƙa ya haɗu da tsakuwa. Foldar da ta rubuta wa suna Kamun Jannatu tana nan a fuska, amma ta ƙi buɗuwa.

Mijinta Sirajo, manomi ne, in ya taso daga gona ya ɗan taɓa kabu-kabu da baburinsa. Ya dawo ya same ta ta yi tagumi, tuwo ko ɗorawa ba a yi ba.

"Bairos na," ya ce, kamar wanda ya san kan abin. "Gobe in kai ta Tambuwal wajen Ɗanmaliki. Shi ka gyara ma 'yan sakatariya nasu."

"Ba ka kai ta kai kaɗai, Baban Nasiha. Ƙafata ƙafarta."

"Hanya ta ɓaci, ke ma kin sani."

"In ta ɓaci mu tura. Kuma da firinta za mu."

Sirajo ya buɗe baki. "Firinta kuma? Ita mi tay yi?"

"Ba ta yi komi ba. Amma in anka taɓa cikin uwar, sai na ga tana magana da ɗiyar kafin in baro wurin."

Da safe suka miƙa 'yarsu Nasiha gidan kakarta, suka ɗaure firinta a kwali, suka naɗe da leda da tsohon zane. Ruwaida ta rungume kwalin a cinya, jakar kwamfuta a baya kamar goyo. Ka san hanyar Kebbe da damina. Gero ya yi kore shar hagu da dama, abin sha'awa, amma ƙasa duk taɓo. Inda ruwa ya yanke hanya sai ta sauka ta ɗora kwalin a ka, ta tattare hijabi ta ratsa, Sirajo na tura babur yana mita.

Shagon Ɗanmaliki ɗan ƙarami ne a bakin titi, cike da gawarwakin kwamfutoci da wayoyin caji. Taubashin Sirajo ne, don haka tun daga nesa ya fara.

"A'a! Mutanen ƙauye sun shigo birni! Matar bawana, ke da kanki? Wanga kwali fa, kaji kunka kawo mini?"

"Kajin gidanku," in ji Sirajo. "Tashi ka ba ta kujera."

Ruwaida ta gaishe shi, ta yi masa bayani. Ya gyaɗa kai tun ba ta ƙarasa ba, don ya ga irin wannan ya fi a ƙirga. Ya ce bairos ɗin ɓoye foldoji yake yi, ya ajiye na bogi a madadinsu, hotunan suna nan ba su mutu ba. Ya miƙo hannu.

"Kawo. In kwashe kayan in zuba cikin tawa, in tantance, in yi ma taki fomat in sa sabon Windows. Ki bar ta nan, ran kasuwa Sirajo shi zo shi amsa."

Ruwaida ta ƙara ƙanƙame jakar.

"Malam Ɗanmaliki, in ka kwashe ka zuba cikin taka, za ka gani?"

"To da ido rufe zan tantance?"

"To ba ta yiwuwa."

Ya dubi Sirajo, ya dube ta. Ya ɗan ji haushi, gaskiya. Ya ce shi fa mutane manya-manya na bar masa kwamfutocinsu, bai taɓa tona wa kowa asiri ba.

"Ban ce kai mugu ba na," ta ce a hankali. "Na ce kai namiji na. Matan mutane na a ciki, ba lulluɓi. Alkawali niy yi."

Sirajo ya sosa ƙeya, ya ce ko dai ta haƙura, ai Ɗanmaliki ɗan'uwa ne, wa zai gaya wa Inna Tambaya? Ruwaida ta yi masa wani kallo, ya mayar da idonsa kan titi.

"Ka gaya mini abin da zan danna," ta ce wa mai gyaran. "Ni in danna. Kai ka ba ni baya."

Ɗanmaliki ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya ga ita ba dariya take ba, sai ya tsaya. Ya taɓa gemu. Can ya jawo aljihun tebur, ya zaro wani ɗan filashi mai jan zare a wuya.

Ya yi mata bayani yadda za ta gane. Ya ce kowace kwamfuta tana da babbar manhaja, ita ce uwar gida a ciki, ita ke karɓar umarni ta raba wa sauran aiki. Tata Windows ce, kuma bairos ɗin ya shige mata jiki. A cikin filashin nan akwai wata babbar manhajar daban, sunanta Linux. Ana iya tayar da kwamfuta da ita daga filashin ba tare da an girka ta ba, kamar baƙuwa ta shigo gida ta leƙa ɗakuna ta fita. Shi da ita yake ceto kayan mutane, don irin bairos ɗin memori da ke yawo a kasuwa yawancinsu ba sa iya motsi a cikinta.

Ruwaida ta kwance zanen da aka naɗe firinta da shi. Suka ɗaura shi daga ƙusar kalanda zuwa ƙarfen taga, ya zama labule. Ta juya tebur ya fuskanci bango. Maza biyu suka ɗauki benci suka zauna a ƙofar shago, fuska ga titi, ƙeya ga labule. Kafin nan ta aiki Sirajo ya sayo mata sabon filashi babba, wanda ba a ɓare ledarsa ba.

"Kin soka mai jan zaren?" Ɗanmaliki ya ɗaga murya.

"Na soka."

"Kunna. Da ta yi haske ki yi ta dukan maɓallin can na sama da nin nuna maki, kamar kina kiran kaji."

"Ta kawo rubutu fari cikin baƙi."

"Karanta mini."

Ta karanta da Turancinta na sakandare, harafi na tuntuɓe da harafi. Shi kuma yana fassara wa titi. Masu wucewa suka fara rage tafiya. Wani mai rake ya tsaya ya tambayi Sirajo ko aljanu ake cirewa a ciki.

"I, na kwamfuta," in ji Sirajo. "Wuce."

Sai fuskar kwamfutar ta washe da wani kore mai sanyi, ba irin wadda ta saba ba. Ta bi abin da ake gaya mata, ta danna hoton ɗan akwati, ta shiga rumbun ajiya. Ga su nan. Foldojinta na ainihi, jere, da na bogin a gefensu kamar ciyawa a kunyar gero. Ta buɗe Kamun Jannatu. Fuskar farko da ta tarbe ta ta Inna Tambaya ce, baki buɗe, furfura a waje, hannu ɗaya a sama.

"Alhamdu lillahi," ta ce.

"Sun fito?" Sirajo ya zabura zai juya. Ɗanmaliki ya damƙo masa kunne.

"Zauna, bawa. Ni da shagona ban juya ba."

Ta kwashe hotuna kaɗai zuwa sabon filashin, ta bar duk wani tarkacen da ba ta san shi ba. Da ta gama ta cire shi, ta ƙulle a bakin zanenta, ta soke a ƙugu. Sannan ta rufe foldojin ta ɗaga labule.

Nan fa aka zo ga maganar da ta fi cin lokaci. Kwamfuta dai dole a wanke cikinta tas. Sai me za a zuba? Ɗanmaliki ya ce Windows mana, me ake tambaya? Ita kowa ke amfani da ita daga nan har Sakkwato, ita ce a ofis, ita ce a makaranta, manhajar gyaran hoton da Ruwaida ta saba da ita ma a kanta take tafiya. Ya ce shi kansa da ita yake aikinsa, kuma ba ya shirin rabuwa da ita. Sai dai sabuwar da ake yayi yanzu tana son na'ura mai ƙarfi, wannan tsohuwar gwanjon ba za ta ɗauka ba, sai dai a mayar mata da irin ta da. Ya ce akwai kuma Mac, masu harkar hoto a manyan birane na yabon ta ƙwarai, amma ita da na'urarta take zuwa, ba a zuba ta a kowace irin kwamfuta.

"Wagga ta cikin filashin fa?" in ji Ruwaida. "Ana zama da ita, ko baƙunta kaɗai ta iya?"

"Ana zama da ita. Amma ba ki iyawa."

"Don mi?"

"Duk Kebbe ba mai irinta. In kin maƙale ba wanda kika tambaya."

"Malam Ɗanmaliki, yanzu da nika da irin ta kowa, wa nit tambaya? Duk mai gyara namiji na. Ko a Kebbe ko a nan, ni dai ban da mai taɓa mini kwamfuta."



Ita Ruwaida, ko gyaɗa za ta saya a kasuwa sai ta ɓare ɗaya ta ɗanɗana. Tunda ga abu ana iya ɗanɗanawa ba a saya ba, ai sai ta gyara zama. Ta ce a kwance firinta. Aka jona, kwamfutar ta ɗan yi tunani, sai ga sunan firintar ya fito. Ta sa Sirajo ya tsaya jikin baburinsa ta zaro kyamararta daga jaka ta ɗauke shi hoto, ta zuba, ta wanke. Ya fito da taɓo har gwiwa, yana harara. Ɗanmaliki ya ce wannan shi za a ba shi ya manna a shago don korar ɓeraye.

Ta tambaya ko tana aiki in babu sabis, don a unguwarsu sai an hau tudu ake samun sa. Ya ce tana yi, sai dai lokaci-lokaci a ba ta data ta sabunta kanta, kuma ita za ta zaɓi lokacin. Ta tambaya ko bairos ba ya kama ta sam. Ya ce kada ta yarda da wanda ya ce mata sam, amma irin na memorin biki da suna da wuya su yi mata wani abu. Ya ce ta dai kula, tana iya ɗaukar su daga memorin wata ta kai na wata ba ta sani ba. Ta tambaya in ta rikice gaba ɗaya, ita da kanta za ta iya sake girka ta? Ya ce in tana da filashi irin wannan, kuma ta riga ta kwashe kayanta gefe, za ta iya.

"Manhajata ta gyaran hoto fa?"

Nan ya girgiza kai. "Ita kam sai haƙuri. Ba ta tafiya a nan. Akwai wata mai yin aikin, sai dai komi nata ba inda kinka saba ganin shi ba. Kamar a kai ki madafin wata a ce ki yi tuwon biki."

Wannan ta dake ta. Shekarunta tana aiki da waccan, hannunta ya san hanya ko ba ta duba ba. Ga buɗar kai ya matso. Ta kalli hoton Sirajo. In ta koma wa abin da ta saba, za ta gama aikin Jannatu cikin sauƙi, amma memorin mata ba zai daina zuwa ba, kuma wata rana za ta sake hawa babur ta zo ta ɗaura zane a shagon mutane, in ma an yarda a ba ta baya. Sirajo ya ce ta ɗauki mai sauƙin mana, rana na yi.

"Madafin wata ma, in ka kwana biyu ciki ka san inda muciya take," ta ce. "Ita nika so. Amma ni zan girka da hannuna, kana kallo, don in iya."

Yanzu ba hoto a fuska, don haka aka sauke labule. Ɗanmaliki ya tsaya a kanta, hannuwansa a baya don kada su yi masa gardama. Da aka zo wani mataki, ya ce ga wani abu da zai yi mata daɗi: ana iya kulle rumbun gaba ɗaya da kalmar sirri, ta yadda ko allo ya fashe ta bar kwamfutar a shagonsa, ba abin da zai iya gani. Amma in ta manta kalmar, to har abada, ko shi ko wanin shi.

"Ku ba ni baya," ta ce.

"Kuma dai?"

"Kuma dai."

Suka juya. Ta rubuta, ta maimaita, ta karanta a zuciyarta har ta zauna. Bayan an gama ya jona mata intanet ɗin shagon aka sauko da manhajar gyaran hoton, ya nuna mata inda ake yanka da inda ake ƙara haske, iyakar abin da shi ma ya sani ke nan. Ya haɗa mata nata filashin na girka manhajar, ya ɗaura masa jan zare.

Kwanakin da suka biyo baya, kada ma a so a ji. Da ta sallame sallar asuba ta share tsakar gida sai ta zauna. Ta nemi abin goge tabo ta rasa, ta same shi, ta sake rasa shi. Wankin farko fuskar amarya ta fito da duhu kamar an shafa mata toka. Na biyu ta yi fari fat har hanci ya ɓace. Ta yayyage su ƙanana ta cusa a murhu da kanta. Batir ya mutu, ta kai caji gidan mai sola ta zauna a gefensa har ya cika, ba ta bar kwamfutar a can ba. Rannan har ta ce wa Sirajo da ta sani, sai ta haɗiye sauran maganar, ta jawo tabarma ta ci gaba. In ta maƙale ta hau tudun bayan gida ta kira Ɗanmaliki, wani lokaci ya sani, wani lokaci ya ce shi ma bari ya duba. A hankali hannu ya fara gane hanya. Adon furanni da take zagaye hoto da shi a da, shi kam ba ta gano yadda ake yin sa ba, ta bar hotunan haka nan ba ado.

Ranar buɗar kai ta shiga gidan da ambulan a ƙarƙashin hijabi. Inna Tambaya ta ja ta ɗaki, ta saki labule, ta sa wata jikanya ta tsare ƙofa. Ba ta karɓa ba tukuna.

"An ce an gan ki Tambuwal, shagon mai gyara."

"An gan ni, Inna."

"Da kwamfutar?"

"Da ita."

Tsohuwar ta kafe ta da ido. "To?"

"Ƙeyarshi ta ga labule, Inna. Shi da Baban Nasiha duka. Ki aika a tambayi mai raken bakin titi, shi ya ɗauka aljanu aka cirewa."

Inna Tambaya ta daɗe tana dubanta. Sannan ta miƙa hannu. Ta fara ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, tana kai su kusa da ido. Ga Jannatu da ƙunshi. Ga ƙawaye. Da ta iso kan nata, baki buɗe, furfura a waje, sai ta dafe ƙirji.

"La ilaha illallahu! Wagga tsohuwar banza fa, wa ta?"

Dariya ta ƙwace mata har da hawaye. Ta ɗaga katifa ta tura hoton can ƙarƙashi, ta zauna a kai daram.

"Ina furannin da kika sa ma na mutane?"

"Ban iya su ba tukuna. Ina koyo."

"To ki yi maza ki iya," in ji Inna Tambaya, tana gyara ɗaurin ɗankwali. "Ɗiyar ƙanena ta Jabo, da kaka za a yi nata. Ke za ki shiga ɗakin."